Ranar da Ummi Ta Zaɓe Ni a Gubuchi

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanin matata a Gubuchi ba, ko da kuwa zan manta hanyar shagona. Har yau in na ji ƙarfe ya faɗi a kan siminti ya yi ƙara, sai zufa ta keto mini. Amma bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada ku zaci haka kawai magidanci, tela mai shago a Ikara, ke wayar gari ya zama abin nuni a gidan surukansa.

Matsalata mutum guda ce, sunansa Nura. Ƙanin matata Hadiza ne, yana dillancin rake a Makarfi. Yaron nan ba shi da wani laifi, kuma wannan ne babban laifinsa a wurina. Ga ladabi, ga fara'a, ga hannu a sake. Duk mako sai ya zo gidana a kan babur, ya ɗauro rake da mazarƙwaila, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Yaya, ina wuni? Ya aiki?" Ni kuwa in amsa da haƙora a waje, zuciyata tana tafasa.

Dalili kuwa 'yata ce ta fari, Ummi, tana da shekara uku a lokacin. Yarinyar nan ta san kukan babur ɗin Nura tun daga bakin layi. Da ta ji, sai ta watsar da duk abin da ke hannunta ta zura a guje tana ihu, "Kawu! Kawu!" Shi kuma ya sure ta ya cilla sama ya cafe, tana ƙyalƙyala dariya har da shaƙuwa. Ni fa? Ni da nake wuni ina taka keken ɗinki har ƙafata ta kumbura don a ci a sha? In na dawo sai ta ce, "Abba sannu da zuwa," ko kai ba ta ɗagowa, kamar ta ga mai kawo takardar kuɗin wuta.

Kada ku ga laifinta. A gidanmu an ɗauki kunyar ɗan fari da zafi. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya kama sunan babban wanmu ba. Ga shi kuma sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, shi ya sa ake ce mata Ummi. Saboda haka a gaban mutane ba na ɗaukarta, ba na yi mata wasa, ina wuce ta fuska a ɗaure kamar 'yar maƙwabta. (A raina kuwa, wallahi, ji nake kamar in saka ta a aljihu in tafi da ita shago.) Na riƙe al'ada, Nura ya riƙe mini 'ya. Kishi nake yi, ba wani suna da zan sa masa.

To, a saman sif ɗin ɗakinmu akwai wani babban gwangwanin madara cike da sulalla. Wasu na tiredar marigayi mahaifina ne, wasu kuma waɗanda aka yi ta cusa mana a matsayin canji shekarun baya, daga baya ko mai ƙosai ta daina karɓa. Ba sa sayen komai, amma hannuna ya kasa zubar da su. Kuɗi ai kuɗi ne, haka nake cewa. Hadiza kuwa ta tsani gwangwanin nan, musamman da ƙanin Ummi, Sadiƙ, ya fara rarrafe.

"Abban Ummi, ka san yadda za ka yi da tarkacen nan," in ji ta. "Yaron nan duk abin da ya gani baki yake kaiwa. Jiya maɓalli na ƙwace a hannunsa."

"Suna can sama, ga murfi a rufe," na ce. "Sai dai in fiffike zai yi."

Wata rana Hadiza ta goya Sadiƙ ta shiga maƙwabta barka, na sauko da gwangwanin ina neman wani ɗan makulli da na taɓa jefawa ciki. Ƙarar da ya yi ce ta jawo Ummi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta zuba mini ido. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ɗauki naira ɗaya mai kala biyu na murza ta a kan siminti, ta kama juyi kamar katantanwa. Jama'a, yarinyar nan ta saki dariya. Irin dariyar nan da na ɗauka ta Kawu ce shi kaɗai! Na sake murzawa, ta sake. Kafin ka ce me, tana kan cinyata. Na damƙa mata kuɗin na ce, "Naki ne. Amma kada ki sa a baki, kuma kada ki gaya wa Umma."

Da wannan jan kunnen na ga na gama duk wani tsaro. 'Yar shekara uku fa.

Daga ranar kasuwata ta buɗe. Da safe in faki ido in ɗebi kaɗan in zuba a aljihu, da yamma in tarar da Ummi a zaure tana jirana. "Abba, juya min!" In duba hagu da dama, in ga ba kowa, in tsuguna in murza, in ba ta. Ban taɓa tambayar inda take kai su ba. (Ashe a 'yar jakar da Nura ya sayo mata take tarawa. Ko a nan ma sai da ya sa hannu.)

Ana haka sai Hadiza ta tsinci wani ɗan ƙaramin sule a ƙarƙashin tabarmar da Sadiƙ ke wasa. Ta ɗaga kai ta dubi saman sif, ga gwangwani a inda yake, murfi a rufe. Ta tambayi Ummi, yarinya ta yi gum, ta riƙe mini amana. Sai Hadiza ta ce, "Wannan aikin Nura ne. Shi ne kullum aljihunsa ba ya rabo da tarkacen yara." Nan take ta kira shi a waya ta wanke shi tas. Ina jiyo muryarsa yana cewa, "Wallahi Yaya Hadiza ba ni ba ne."

Ina zaune ina cin tuwo. Kun san abin da na yi? Na ƙara miya. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, yau dai ga Kawu a kwandon laifi. Na ɗan tsorata kam, har na daina ɗibar sulallan. Amma da Nura ya dawo mako na gaba da wata 'yar tsana mai kuka in an matsa cikinta, na ga Ummi ta koma wuyansa, washegari da sassafe ina kan kujera ina laluben saman sif.

Ranar ɗaurin auren Nura ta zo. Ni na ɗinka masa babbar rigar, fara ƙal, kuma don Allah ban yi masa mugunta a ɗinkin ba, duk da Shaiɗan ya kawo shawarwari. Muka ɗunguma zuwa Gubuchi, gidan surukina Baba Malam, mutumin da ke da makarantar allo a ƙofar gidansa, wanda ko tari ya yi sai kowa ya gyara zama. Ni kuwa na cika aljihun 'yar cikina da sulalla, don na yi lissafi: yau ango ba shi da lokacin kowa, fili nawa ne.

An shafa fatiha, muna zaure ana cin shinkafa, sai muka ji salati daga cikin gida. Muryar Hadiza ce, kuma sunan Sadiƙ take kira. Ban san lokacin da na tsallake kwanuka ba. Ni da ban taɓa wuce zauren gidan nan ba sai an yi mini iso, sai ga ni a tsakar gida cikin mata, ba takalmi.

Abin da na gani ba na fatan ko maƙiyina ya gani. Sadiƙ a hannun uwarsa, baki buɗe, ido waje, ba kuka ba numfashi. Kusa da shi ga 'yar jakar Ummi a ƙasa, baki a sake. Hadiza na ƙoƙarin zura masa yatsa, sai surukata Inna ta daka mata tsawa, "Cire hannunki, za ki ƙara tura shi!" Ta fizge yaron, ta kifa shi a cinyarta kansa ƙasa, ta shiga bubbuga masa baya da tafin hannu. Ni dai ina tsaye, bakina ya kasa haɗa ko addu'a ɗaya. Can sai wani ɗan sule ya faɗo ya yi ƙara a siminti, yaro ya tsala kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

Da hankali ya ɗan kwanta, Baba Malam ya shigo, maza na biye. Ya dubi sulen, ya dubi jakar, ya ce, "Wa ya ba yarinya wannan?"

Hadiza tana hawaye ta nuna ango. "Baba, Nura ne. Jakar ma shi ya saya mata. Tun kwanaki na ja masa kunne."

Aka jawo Nura tsakiya, cikin farar rigarsa, ƙamshin turare na tashi. "Wallahi Baba…"

"Kada ka rantse mini," in ji Baba Malam. "Yau aka ɗaura maka aure, gobe kai ma uba ne. Da wannan hankalin za ka riƙe gida?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ni ne. Na buɗe bakin kuwa. Abin da ya fito shi ne, "Ƙuruciya ce, Baba, a yi masa haƙuri."

(Eh, ni na faɗa. Har da ɗan girgiza kai irin na manya.)

Inna dai ba ta gamsu ba. Ta waiga ta hango Ummi a raɓe a bayan randa, ta tausasa murya. "Zo nan, Ummin Inna, ba mai dukanki. Wa yake ba ki kuɗin nan?" Nura ya durƙusa da rigarsa, ya ware hannuwa, ya ce, "Zo wurin Kawu, ki gaya musu."

Yarinya ta fito. Ta dubi Kawu da hannuwansa a buɗe. Ta kewaye shi.

Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, ranar da Ummi za ta wuce Nura a gaban jama'a ta zo wurina. Sai ga shi an amsa mini, a tsakar gidan surukai, gaban dangin amarya da na ango. Ta rugo ta rungume ƙafata, ta cusa hannu ta tsagin babbar rigata kai tsaye zuwa aljihun da ta sani, ta ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji, "Abba ne! Abba, juya min!"

Ta fizgo hannu, aljihu ya biyo ta. Sulalla suka zube. Wasu suka gangara ƙarƙashin tabarmin mata, wasu suka nufi madafa, wata naira ɗaya kuwa ta je daidai takalmin Baba Malam ta kama juyi. Kowa ya zuba mata ido har ta gaji ta kwanta. Wata tsohuwa daga cikin dangin amarya ta ce, "Ikon Allah. Ashe mai ba da haƙurin ne."

Hadiza ta juyo gare ni. Kallo ɗaya ta yi mini, na gwammace a ce mari ne.

Kuma kun san wanda ya fara kare ni? Nura. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Baba, ai so ne ya jawo. Yaya ba da gangan ya yi ba." Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Mutum ka bar shi a cikin wuta, ya fito yana yi maka fifita. Ko a ranar kunyata sai da ya fi ni.

Baba Malam bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Gidan nan cike yake da yara. Wanda ya zubar ya tsince, kada ko ɗaya ya rage a ƙasa." Haka na tattare babbar riga na durƙusa, ina bin ƙafafun mata ina cewa, "Gafara dai, Hajiya, ɗan ɗaga tabarmar." Ummi na biye da ni tana taya ni, ita a ganinta sabon wasa ne. Da na gama na kawo masa, ya sa aka ƙulle su a tsumma, sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kunyar ɗan fari ba farilla ba ce. In kana son 'yarka, ɗauke ta kawai."

Muka biya asibiti aka duba Sadiƙ, aka ce lafiyarsa lau. Washegari Hadiza da kanta ta sa aka kai gwangwanin wurin maƙeri. Na koyi cewa duk abin da zai shige bakin yaro ba abin wasa ba ne, ko yana saman sif, matuƙar akwai babba marar wayo a gidan da hannunsa ke kaiwa. Na kuma koyi cewa in za ka roƙi Allah abu, ka haɗa da roƙon wurin da za a ba ka.

Amma shawarar Baba Malam tun a ranar na fara aiki da ita. A tashar Gubuchi, gaban kowa, na ɗauki Ummi na saɓa a kafaɗa, aljihuna wayam. Ba ta ƙi ba. Ta kwantar da kai a wuyana ta yi barci, ni kuwa ko motsi na ƙi yi har hannuna ya mutu, ina jin duniya ta zama tawa. Muna shiga Ikara mota ta faɗa rami, ta farka, ta murza ido, ta dube ni da kyau.

"Abba," ta ce, "ina Kawu?"