Titin Keken da Yake Tafiya Cin Abincin Rana

Jiya Talata, ƙarfe sha biyu da minti uku na rana, na ci birki a gaban wata sanda mai fenti ja da fari, da shinkafa da wake kwano huɗu a jakar bayana. An gitta sandar a bakin sabon titin keke na unguwarmu, an garƙame ta da kwaɗo. A bayanta ga titi kore shar, sumul, ko tantabara ba ta sauka a kai ba. A gefe kuma ga babban titi, motoci sun cushe, kowa ya ɗora hannu a kan ham. Na tsaya ina kallon hanyar da aka ce domina aka yi ta.

Ni Ɗanasabe, shekarata shida ina kai wa mutane abinci a kan keke a unguwar Harlem ta birnin New York. Ubangidana manhaja ce a cikin waya. Ba ta san mura ba, ba ta san Juma'a ba. Makon jiya ta aiko mini da saƙo cikin ladabi cewa na makara sau biyu a wannan watan, in na ƙara ɗaya za ta sallame ni. Aikin nan kuwa shi ne ɗakin da nake kwana, shi ne tukunyar iyalina a Gwammaja.

Shekara uku muna roƙon a ware mana gefen titi, tun ranar da babbar mota ta karya ƙafar wani abokin aikinmu. Mai Girma Uban Tituna, jami'in da titunan birnin nan suke hannunsa, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ji kukanmu. Da yake mutum ne mai zurfin tunani, bai tambaye mu ba, mu da muke kan sirdi awa goma kullum. Ya ɗebi tawagar mutum goma sha tara suka tafi karkarar Faransa ƙaro ilimi, can inda aka cire tsohon layin dogo aka shimfiɗa hanyar keke tsakanin gonakin inabi, ba mota ko ɗaya. Kwana goma sha biyu suna wahala dominmu. Na ga hotunan: kowa da hular kwano, kowa da dogon burodi a kwandon kekensa.

Kuma ba su bar komai a can ba. Sun kawo mana tukwanen furanni. Sun kawo allo mai hoton saniya. Sun kawo benci na zaman kallon kogi, aka kafa shi yana fuskantar bangon shagon wankin kaya. Tsawon titin gaba ɗaya bai wuce layin unguwa uku ba, in ka yi atishawa a farkonsa sai a ƙarshensa za a yi maka addu'a. Sannan ga sanda da mai gadinta, ana kullewa daga sha biyu zuwa biyu na rana.

Na kai ƙorafi wurin Barmo, mutumin Maraɗi mai shagon turare a titi na 116, wanda ya taɓa yin kaka biyu yana tsinkar inabi a Faransa.

"Ai na san irin ƙauyen ga," in ji Barmo. "Wani tsoho ne ke da makulli, saboda shanu na ƙetara hanyar. Midi ya yi, wato sha biyun rana, shi kulle, shi tafi gida shi ci abinci, shi ɗan kwanta. Kowa ma na cin abinci. Wa za ya hau keke?"

"To mu nan, shanun wa za su ƙetara?"

"Bon, tunda sun sa allo, ƙila shanun na hanya."

Sha biyu zuwa biyu, jama'a, lokacin da New York gaba ɗaya take jin yunwa ke nan. Rabin aikina na yini a cikin awa biyun nan yake.

Adjara, mutuniyar zangon Kumasi da nake ɗaukar abinci a shagonta, ita ta fara jin labarin za a yi zaman jin ra'ayin jama'a. Ta nuna ni da ludayi. "Chale, ku je ku faɗa musu! Waakye na, shinkafa da waken nan, yana sanyi a hanya, customer yana zagi na. Two minutes kawai suna ba kowa, kar ku yi wasa."

Muka zaɓi Alhaji Tamimu, dattijon ƙungiyarmu ta masu kai abinci a keke, ya yi magana. Na rubuta masa buƙatarmu a takarda, layi ɗaya tak: a ɗaga sanda da rana. Na ce, "Baba Alhaji, don Allah da wannan za ka fara." Ya kalle ni kamar na ce ya shiga masallaci da takalmi.

"Ɗanasabe, ni zan tsaya gaban babban mutum in fara da ƙorafi? Ba ni da iyaye ne?"

Da aka kira shi, aka kunna agogo a bango yana ƙirga masa minti biyunsa. Alhaji ya gyara babbar riga ya yi sallama. Ya tambayi Mai Girma gajiya. Ya tambayi iyali. Ya ce an dawo lafiya, yaya hanya, yaya aka baro mutanen Faransa. Tafinta yana mayar da kowace gaisuwa Turanci, agogo yana ci. Alhaji ya juya ga sauran 'yan tawaga don kada wani ya ce an raina shi. Ya gode da titi, ya gode da furanni, ya ce ita kanta sandar an yi mata fenti mai kyau. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka ce amin, kuma muryata ce ta fi ta kowa. Sannan ya zaro takardata ya ce, "Sai dai fa, ranka ya daɗe..." Ƙararrawa ta kaɗa, aka kashe makirufo.

Nan na miƙe a fusace, don ni ma na rubuta sunana. Na rantse a raina zan nuna wa tsofaffi yadda ake magana a Amurka. Na kama makirufo, sai na ga idon Alhaji a kaina, ga dattawa uku a layin gaba. Yaya zan tsallake su? Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na gaida Mai Girma. Ina cikin tambayarsa yara ƙararrawa ta same ni.

Mai Girma har hawaye ya share. Ya ce shekara ashirin yana zaman nan ana zaginsa, ba wanda ya taɓa tambayarsa gajiya. Rahoto ya fito cewa al'ummar Hausawa sun goyi bayan aikin ɗari bisa ɗari, musamman sanda. Don a faranta mana, aka ƙara ta biyu a ɗaya ƙarshen.

To mu koma jiya. Na leƙa na ga mai gadi a kan bencin kogi yana cin burodi da nama. Na roƙe shi. Ya ce yana hutun cin abinci, makullin ma haka. Waya ta ce saura minti goma sha ɗaya. Na yi bisimilla na faɗa cikin motoci. Wata tasi ta goge mini gwiwa, wani direban bas ya ambaci mahaifiyata, ƙofar wata mota ta buɗe a fuskata na kauce da ikon Allah. Na isa ginin da zan kai abincin, na hau bene hawa huɗu a guje, jini yana bin ƙaurina. Saura minti biyu cif. Abin da ya rage kawai mai abinci ya karanto mini lambobi huɗu in danna a waya, aiki ya cika.

Ƙofa ta buɗe, sai ga Mai Girma Uban Tituna da kansa. Ashe tun ranar taron nan ƙaunarmu ta kama shi, har abincinmu yake ci. Ya gane ni, fuskarsa ta washe. Na ce, "Code, sir, please." Ya ɗaga hannu alamar in dakata, ya zaro wata takarda daga aljihu. Ashe ya sa an rubuta masa gaisuwarmu, yana ta haddacewa.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Lambar..."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali? Yaya yara? Yaya aiki?"

Ku gaya mini, wane ɗan halak ne babba zai gaishe shi ya ƙi amsawa? Na amsa duka. Na ce aiki da godiya. Ya juya takardar, ashe akwai shafi na biyu. Muna kan "yaya mutanen gida" waya ta yi ƙara a hannuna. Ban duba ba, na san muryar ubangidana. Wallahi a nan zuciyata ta karye, na tuna da matata da za ta kira ranar Juma'a. Shi kuwa Mai Girma ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Madalla!" Ya ba ni tauraro biyar na yabo a manhajar, suka tarar an riga an rufe ni.

Adjara ta ce ƙungiya ta je ta roƙi kamfanin. Alhaji Tamimu ya ce shi zai jagoranci tawaga. Na ce a bar shi tukuna.

Yau da ƙarfe biyu, da mai gadi ya farka ya ɗaga sanda, ni na fara shiga. Ba jaka a bayana, ba wanda yake jirana. Na taka a hankali, na shaƙi ƙamshin furanni, na kai ƙarshe na juyo, na jingine keke na zauna a benci ina kallon bangon shagon wanki. Dole in yaba wa Mai Girma, aikinsa ya yi kyau. A duk faɗin New York ni kaɗai ne nake hawan keke irin na ƙauyen Faransa, don ba inda za ni. In shanun sun iso, ni zan fara ganinsu.