Yadda Alhaji Sharhabil Ya Yi Wa Bel Ɗin Mota Sitaci

Duk wanda ya ce a Abakpa yake zaune amma bai san Alhaji Sharhabil ba, to ya binciki kansa, wataƙila ba a Abakpa yake ba. Mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, amma in ka ga takunsa da safe sai ka rantse gwamna ne ke jiransa a bakin get. Ya taɓa zuwa Jamus wani ɗan taron bita, ya dawo tun maƙwabta ba su lura ba ya gari ba. Tun daga nan ba a ƙara yin hira a gabansa Jamus ba ta shigo ba. Ko ƙosai aka kawo, sai ya bayyana yadda Jamusawa za su soya shi da Allah ya ba su wake. Shi ya sa 'yan majalisar ƙofar gida suka raɗa masa Na-Jamus, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, a zatonsa sarauta ce.

Abu biyu bawan Allan nan ya riƙa da muhimmanci, shadda da mota. Shaddarsa na shan sitaci har in ya tuɓe ta sai ta tsaya da ƙafarta tana jiransa. Motar kuwa ja ce, ta tsere, 'yar Kwatano, kujera biyu tak, rufinta ana naɗe shi baya. Don gajarta, babu tudun rage gudu a garin nan da bai san cikinta ba. Matarsa Hajiya Lubna da yara a keke mai ƙafa uku suke zuwa unguwa, domin, in ji Alhaji, ita wannan ba motar iyali ba ce, motar matsayi ce.

To, ana nan sai kujerar darakta ta zama babu kowa. Mutum biyu ke hanƙoronta, Na-Jamus da wani abokin aikinsa, Malam Garba, kuma Babban Sakatare, Alhaji Ismail, shi zai miƙa sunan wanda ya ga dama. Sai ga shi Babban Sakataren zai aurar da 'yarsa ranar Asabar. Na-Jamus ya dinga sintiri a ofishinsa, yau gaisuwa gobe ban gajiya, har dattijon ya gaji ya amince shi zai kai shi masallaci wajen ɗaurin aure. Ku duba lissafin gwani: kujera biyu ce, babu inda Garba zai raɓa.

Matsala ɗaya ce. Bel ɗin kujerar mai zaman banza ya yi sanyi. In an kwance shi, maimakon ya koma gidansa fit, sai ya tsaya yana jan jiki kamar ma'aikacin da aka ce ya dawo daga hutu, wani lokaci ma ƙofa ta datse shi, ƙarfen yana jan kwalta.

"Alhaji, ka kai wa bakanike mana," in ji Hajiya Lubna.

"Bakanike? Lubna, kin san ko wace mota ce wannan? Hannun da ya taɓa akori-kura ba zai taɓa ta ba. A Jamus babban mutum shi ke gyara motarsa. Miƙo min bokiti."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya sa aka buɗe get, don kada ilimi ya tsaya a cikin gida. Ya zaro bel ɗin har ƙarshe, ya datse bakinsa da abin shanya kada ya koma, ya tsoma shi a ruwan ɗumi da garin sabulu, ya bi shi da tsohon buroshin haƙori yana yi wa 'yan kallo lacca. Ruwan da ya fito, jama'a, ba a magana. Turare ne, zufa ce, man tsire ne, har da na mutanen da suka hau motar tun tana ƙasar waje. Ashe bel ɗin ma fari ne.

Ya bushe a rana, aka cire abin shanya, bel ya koma fit. Wallahi ya gyaru. Da wani ne, da sai ya ce alhamdu lillahi ya wanke hannu. Amma Na-Jamus ya sake zaro shi, ya murza tsakanin yatsu, ya yamutsa fuska.

"Ba shi da kwarjini. Dubi yadda ya yi laƙwas kamar zanen goyo. Wannan zan ɗora a ƙirjin Babban Sakatare? Lubna, dama min sitaci, mai kauri irin na shaddar Sallah."

"Sitaci a mota, Alhaji?"

"Zare ne ko ba zare ba? Duk abin da aka saƙa, sitaci ne mutuncinsa."

Ta dama ta kawo, ta koma bakin taga inda kallo ya fi daɗi. Da hannunsa ya zazzaga bula a ciki, wai don farin ya ɗauki ido, kuma Alhaji ba ya abu kaɗan. Ya dulmiya bel, ya shanya, ya sa aka jawo wayar wuta daga falo ya bi shi da dutsen guga ciki da bai. Bel ya fito shuɗi-shuɗi, ya sandare kamar kilishi. Komawa gida kuwa ya ce bai san zancen ba, sai da Alhaji ya dinga cusa shi da hannu yana ƙaras-ƙaras.

"Kun ji?" ya ce da 'yan majalisa. "Sautin inganci ke nan."

Suka ce sun ji.

Asabar da hantsi ya isa gidan Babban Sakatare. Alhaji Ismail mutum ne mai jiki, masha Allah, ya sha farar babbar riga ƙal, irin ta uban amarya. Kafin a shigar da shi motar sai da aka tattara shi kashi-kashi. Na-Jamus ya zagayo da kansa ya ɗaura masa bel, sannan ya danna maɓalli rufi ya naɗe.

"Sharhabil, rufe mana, rana."

"Ranka ya daɗe, jama'a na son ganin uban amarya. A Jamus haka ake yi."

Lokacin zafi ne, irin wanda kwalta ke laushi. Wajen shataletale suka tarar da cunkoso, motar tsere ta bi layi a bayan mai kurar ruwa. Na-Jamus na ɗaga wa mutane hannu, yana bayyana wa maigidansa sauye-sauyen da zai kawo in an ba shi sashen. Dattijo kuwa zufa kawai yake yi, ta jiƙa 'yar ciki, ta ratso babbar riga. Sitaci kuwa da ya ji ɗumi da laima sai ya tuna asalinsa, ya koma koko.

A ƙofar masallaci a Unguwar Kanawa, maroƙa na ganinsu suka ɗauki kirari. Aka danna bel ya kwance, amma ya ƙi rabuwa da riga, sai da aka ɓamɓare shi kamar filasta. Babban Sakatare ya fito da ƙyar ya miƙe. Daga kafaɗarsa har ƙugu ga wani shuɗin layi a karkace, mai faɗi, mai danƙo. Maroƙin da ke gaba ya yanke kirari a tsakiya ya ƙura wa layin ido.

Dattijo ya dubi ƙirjinsa, ya dubi Na-Jamus, ya ce a hankali, "Tuɓe."

A bayan motar aka yi musayar riguna, ita kuwa ba ta kai ta rufe ko gwiwar mutum ba. Malam Garba ne ya ɓullo da lema, ya gyara wa maigida wuyan riga, ya ce motarsa na can a inuwa da na'urar sanyi a kunne in an shafa fatiha. Suka shige tare.

Na-Jamus ba ya tsayuwa a taro ba babbar riga, don haka ya zura mai layin. Yana tsaye a bakin titi yana tunanin ta inda zai shiga, sai wata jif ta tsaya, direba ya leƙo ya ga shuɗin ɗamara a ƙirji.

"Kai mai fakin! Ina za mu aje?"

Alhaji ya buɗe baki zai faɗa masa ko shi wane ne, sai ga wata motar a baya, da wata, duk suna hon. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ga dai jama'a shi suke jira. Mutumin kirki bai taɓa ƙin muƙami ba. Ya gyara hula, ya ɗaga hannu.

"Ɗaya bayan ɗaya! A Jamus..."