Iyakar Gwiwar Sarkin Ruwa

A wani daji da kogi ya raba gida biyu, majalisa na zaune a gindin tsamiya, Raƙumin Dawa ya leƙo daga can sama ya dubi wata zomanya mai suna Marka.

"Ni da kaina na auna mashigin nan jiya," in ji shi. "Ruwan iyakar gwiwata."

"Ranka ya daɗe, gwiwarka ta fi ɗakina tsawo."

Shekara bakwai ke nan da naɗa shi Sarkin Ruwa, bisa hujjar cewa kogi bai taɓa cin ɗan gidansu ba. Duk damina sai ya shiga, ya fito, ya sanar da cewa lafiya lau. Duk damina kuma sai an yi zaman makoki. Bara a mashigin nan Marka ta rasa 'ya'ya biyu: ƙaramin ya zame, babban ya faɗa don ya cece shi, suka ƙanƙame juna suka nutse. Har yau in ta runtse ido, kunnuwansu take gani suna shigewa ruwa. Saura mata 'ya ɗaya tak, Tabawa, ga shi ciyawar wannan gaɓa ta ƙare, dole a haye.

Roƙonta ɗaya ne, a bar Gwaggo Agwagwa ta koya wa yara ruwa. Ai tsohuwar ta gaya wa Marka abin da tun daga ranar ya hana Marka barci: wanda ya zame ya kwanta rigingine ya saki jiki, kada ya yi kokawa da igiyar ruwa, na bakin gaɓa kuma ya miƙa sanda, ya ƙwala kira, kada ya bi shi ciki. Da babban ɗanta ya san wannan, da yanzu 'ya'yanta uku ne.

Kura ta ce Agwagwa ba 'yar majalisa ba ce, ga ta da warin taɓo. Biri ya goyi bayan darasin ɗari bisa ɗari, da sharaɗin a yi shi a kan tudu don kada ɗan kowa ya jiƙe. Giwa, wadda ke shugabantar zaman, ta tausaya ƙwarai, ta yi alkawarin ta'aziyyar bana za ta fi ta bara tsari.

Marka ita kanta tsoron ruwa take, ko sha za ta yi sai ta kau da ido. Amma ta miƙe a kan ƙafafunta na baya.

"Na gode, iyayena. Gobe da hantsi ni da Tabawa muna ƙaramin tafki wurin Gwaggo. Duk uwar da ɗanta bai kai gwiwar Sarkin Ruwa ba, ta kawo shi. Ni zan fara shiga."

Magatakarda ya rubuta cewa an tashi lafiya, kogi kuma yana nan iyakar gwiwa.