Ƙafar Iya Fanta da 'Yar Faransi

"Lafiya lau, sai godiyar Allah. Ya ƙafar?"

"Ƙafa tana gaishe ka, miji ba cefane."

Armaya'u ya yi dariya, ya gyara tsugunno gaban kakarsa, Iya Fanta. Zamanin Turawa ne, shekarun da gyaɗa ta yi daraja. Shi direba ne wajen Alhaji Mani, attajirin Batsari mai motoci biyu na alfarma, doguwa 'yar Amurka da baƙa 'yar Faransi wadda aka shigo da ita ta Maraɗi. Tun damina gwiwar tsohuwar ta kumbura, ta sandare, ba ta lanƙwasuwa. Da Alhaji ya ji, ya ce wa Armaya'u ya ɗauki wadda ya ga dama ya kai tsohuwar asibitin Katsina. Ga baƙar nan tsaye a ƙofar gida a Zakka.

Iya ta leƙa ta zaure, ta taɓe baki. "Wagga agwagwar ka kawo mani? Ina doguwar da ake labari, mai hanci kamar kada?"

"Hancin za ki hau? Rabin doguwar nan inji ne, Iya. Ya miƙe ya cinye wuri, ya turo kujeru baya, na baya sai ya rungumi gwiwarsa."

"Ni dai in za a fitar da amarya, a fitar da ita da girma, mutanen Zakka su gani."

"Amaryar da ta ga zuwan Turawa da haƙoranta cikakku? Girman kai rawanin tsiya. Kuma injinta tayoyin baya yake juyawa, ƙarfen da ya haɗa su ya ratsa ta ƙarƙashi, ya yi tozo a tsakiyar mota kamar na bajimin sa. Ina za ki aje wanga icen naki?"

"Ƙafar tawa ce ice? Bisa ita aka yi maka wanka kana jinjiri, mai kunnuwan jaki."

"Shi ya sa nake lallaɓa ta. Wannan kuwa tayoyin gaba ke janta, yadda shanu ke jan garma. Cikinta shimfiɗe yake kamar daɓen ɗaki. Ki miƙe ƙafa har Katsina."

"Yabon kai jahilci. Ai na ji shigowarka, cikinta na gurzar ƙasa kamar mai jan gindi. In mun kai yashin rafi fa?"

Nan ta kama shi. Ya sosa ƙeya. "Gaskiya a yashi da hawan tudu doguwar ta fi ta. Kowace da inda Allah ya rage ta. In ta kafe, ki sauka ki tura."

"In tura? Da can mi ya hana in tafi bisa jaki?"

"Jakin ne ya kai ƙara wajen Hakimi."

Ta kai masa duka da mafici, ya goce. Amma ya lura tun ɗazu ƙullin kayanta na gefe a ɗaure, ita kuwa sai ƙara jan zance take. Ya gane akwai abin da take tsoro. Ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ya ji ta zama kamar kara, ya sa ta kujerar baya. Ya tallabi ƙafar da hannu biyu ya shimfiɗa ta. Ta miƙe sambal, ba ta taɓa komai ba.

Iya ta dubi ƙafar. Can ta ce a hankali, "Armaya'u, an ce likitan Turawa yankewa yake."

"Wa ya faɗa maki? Ruwa ne ya taru, za su duba su ba da magani. Ina nan tsaye, ba inda za ni." Ya ja mata zane ya rufe yatsun. "Kuma wane likita zai ɓata wuƙarsa a kan ƙashin da ya girmi ganuwar Katsina?"

Dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta kwance bakin zane, ta ciro farin goro, ta cusa masa a hannu.

"Ungo, ɗan nema, ka ci gari. Ja mu a hankali, kuma in mun zo bakin kasuwa ka danna ƙaho, Larai mai fura ta ga wadda ke ciki."