Rasuwar Rumfar Motar Gidanmu

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ƙafar da ta kasa tsayawa wuri ɗaya, Auta na sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rumfar ƙarfen da ke ƙofar gida, wadda ta cika jiya da la'asar ana tsakiyar ruwan sama.

Marigayiya ta zo duniya cikin gardama. Baba ya so a yi mata rufi mai doro, Yaya ya ce mai gangara ɗaya ya fi, Inna ta ce kowanne ne dai kada ruwansa ya zubo mata a ƙofar kicin. Don kada ran kowa ya ɓaci, sai mai walda ya shimfiɗa mata kwano a kwance kamar tabarma. Ciwon ajalinta ke nan. Ganyen mangwaron maƙwabci ya taru a kanta, ruwa ya samu wurin kwana, cikinta ya yi ta saukowa har mai tsayi ya fara sunkuyawa.

Mai haƙuri ce. Da rana tsaka takan ce "ƙas, ƙas" in zafi ya dame ta, da damina ta yi ta "rududu" har ba ka jin kiran Inna, abin da Auta ba zai manta mata ba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙiiii", sai "rim".

Ta bar motar Baba, wadda Allah ya sa ta fita lokacin, da tiyo, da bokiti, da tattabarun da ba su san inda za su sauka ba. Ta kuma bar Auta. Tun da ya ajiye jakar makaranta ya taɓa ɗinki, ya taɓa gyaran waya, bai zauna ba. A inuwarta kaɗai ya tsaya, yana wanke motocin unguwa. Yanzu Baba ya ce in ba a tada wata ba kafin damina ta kankama, a shagon Kawu za a dasa shi kan kujera, yana auna ƙusa daga safe har yamma. Ga shi tun jiya gidan ya koma gardamar doro da gangara, kowa na zane a ƙasa da tsinke.

Za a ɗauki gawar gobe da hantsi a kurar turawa ta 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Ba za a yi zaman makoki ba, don babu inuwar zama. An bar ƙafafunta huɗu a tsaye, kuma Auta ya riga ya roƙi mai walda ya ƙara wa biyun baya tsayi, ruwa ya gangara titi. Mai ta'aziyyar da ya zo da shawara kan rufi, ya taho da tsaninsa, zai sami Auta a sama.