Batirin Malam Jafaru Mai Shekara Tara

Wani mutum ne a Malumfashi, Malam Jafaru, wanda har gobe in ka yi kuskuren zama kusa da shi sai ya faɗa maka cewa tun da aka kafa garin ba a taɓa zaluntar bawan Allah irin yadda aka zalunce shi ba. An ci amanarsa. An tozarta shi da rana tsaka, a bainar jama'a, yana sanye da shaddarsa ta zuwa biki. In ka ce, "Subhanallahi, Malam, su wa suka yi maka haka?" sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Batir."

To ga yadda aka yi.

Malam Jafaru malamin makaranta ne. Bai taɓa zaman gareji ko na yini ɗaya ba, amma shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, kuma babu abin da yake taƙama da shi a duniya kamar batirinta. Shekara tara ba a canza ba! Kullum da la'asar, a majalisarsu ta ƙofar shagon Haladu tela, sai ya buɗe karatu.

"Batir kamar jariri yake. Duk Juma'a ka duba ruwansa. In ka ga farin gari ya taru a kansa, ka wanke da ruwan zafi da kanwa, ka shafa masa mai. Kada ka bar rediyo yana ta surutu alhali mota a kashe take. Amma ku ina! Dubi Alhaji Tukur. Alhaji, kai ba sayen batir kake yi ba, aure kake yi kana saki. Kowace shekara sabo!"

Alhaji Tukur mai sayar da taki ne, mutum mai sanyin hali, sai dai ya yi murmushi. Shi kuwa Haladu taubashin Malam Jafaru ne, ɗan kawunsa, ba ya raga masa.

"Injiniya, ranar da batirin nan zai cika, a gaya mana da wuri mu zo ta'aziyya."

"Sai dai shi ya zo taka."

Abin da majalisa ba ta sani ba shi ne, batirin ya daɗe yana jin jiki. Mako uku ke nan da safe in an murɗa makulli sai ya yi "gurr... gurr..." kamar tsoho mai tari, ya yi shiru. Sai Malam Jafaru ya koma ajiye mota a kan gangaren bayan masallaci. Ya saki birki, ta gangara, ya saka giya, ta tashi. Da aka tambaye shi me ya sa ya daina ajiye ta a ƙofar gida, ya ce mota ma tana son canjin iska.

Ana nan sai ga ɗaurin auren ɗan wani abokinsu a Bakori, ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya. Tun kafin a gama karanta katin, bakin Malam Jafaru ya riga hankalinsa.

"Kowa ya bar motarsa. Ni zan kai ku. Ba na son a tsaya a hanya ana neman wayar haɗa wuta."

Sai da ya koma gida ya tuna bai san ko gangare ɗaya ba a Bakori.

Ranar Juma'a da yamma ya hau acaba, ya tafi can ƙarshen gari shagon Nafi'u mai batir, yana waige-waige kamar wanda ya saci akuya. Ya zaɓi sabo fil, yana ta ƙyalli. Nafi'u ya sa hannu a kan takardar da ke manne a jikinsa, ya rubuta kwanan wata, ya ce, "Baba, ina motar? In zo in ɗaura maka."

"Ni za ka ɗaura wa batir? Ana goya ka nake ɗaura batir. Sa mini a buhu."

Da safiyar Asabar ya shigar da mota cikin gida, ya rufe ƙofa, ya hau aiki. Don ai ba zai yiwu Haladu ya leƙa ya ga batir yana walƙiya ba. Dole a tsufar da shi. Ya ɓanɓare takardun jikinsa tas, ya cusa a aljihun wando. Ya goge shi da yashi har ƙyallin ya mutu. Ya kawo baƙin mai ya dambara masa tun daga kai har gindi, ya barbaɗa toka, ya bi da jar ƙasa. Ya ja da baya ya duba, ya ƙara toka a gefe guda. Kai, ko uwar batirin ba za ta gane shi ba.

Ya ɗaura, ya matse da sifana. Yana rufe bonet ke nan, ƙofa ta ce ƙwan-ƙwan-ƙwan. Ga Alhaji Tukur da Haladu, an sha manyan riguna, sai ƙamshi. Babu lokacin gwaji. Ina ma amfanin gwada sabon batir? Ya wanke hannu, ya zura shaddarsa, suka shiga.

"Ku saurara ku ji yadda ɗan shekara tara yake gaisuwa."

Ya murɗa makulli.

Tsit.

Ya sake murɗawa. Ko ƙyas. Ya danna hon, hon ma ya yi kamar ba da shi ake ba.

Haladu ya ce, "Injiniya, ko bai tashi daga barci ba?"

"Sanyin safiya ne. Ku ɗan taɓa ta kaɗan."

Suka fita, suka naɗe hannun riga, suka turo ta waje. Suka tura har bakin titi. Suka tura ta wuce mai ƙosai. Malam Jafaru na ciki yana saka giya, mota ta yi tsalle, jigif, ta tsaya. Hular Alhaji Tukur ta faɗi a kwata. Gumi ya jiƙa bayan Haladu sharkaf.

"In haka za mu je Bakori," in ji shi yana haki, "sai dai mu sami suna."

Alhaji Tukur ya jingina da mota ya ciro waya. "Bari in kira yaron da nake sayen batir a wurinsa. Nafi'u. Yanzu zai zo."



Minti goma sai ga Nafi'u a kan babur. Yana ganin Malam Jafaru ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya ƙifta masa ido har sau uku. Nafi'u mai ladabi ne, ya haɗiye maganarsa. Ya ɗaga bonet, ya duba, ya ja da baya.

"Wannan ai ya mutu tun tuni. Daga wace rijiya aka tsamo shi?"

Malam Jafaru ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya. "Kai, naka ne. Na jiya. Matacce ka sayar mini. Je ka kawo wani a hankali, kada kowa ya ji."

"Nawa? Baba, ka ji tsoron Allah. Nawa yana da takarda, da sa hannuna."

"Na ce maka shi ne."

"Wallahi ba shi ba ne. Ka ɓoye sabon a gida, ka kawo mini gawa in musanya maka? Da girmanka?"

Muryar Nafi'u ta fara tashi. Mai ƙosai ta bar kasko ta matso. Masu acaba biyu suka kashe babur. Aka fara cewa, "Me ya faru?" "Wai dattijon nan ne yake son ya cuci yaro."

Cuta? Shi, Injiniya? Nan fa idon Malam Jafaru ya rufe.

"Ni zan cuce ka? Jiya jiyan nan na saya a shagonka! Ko kwana ɗaya cikakke bai yi ba!" Ya ɗage shadda, ya zura hannu a aljihun wando, ya zaro takardun a cukurkuɗe ya ɗaga sama. "Ga sa hannunka! Ga kwanan wata! Jama'a ku duba, sabo ne ko ba sabo ba?"

Jama'a suka duba. Haladu ma ya duba, a hankali, har da gyara tabarau.

"Sabo ne kam," in ji shi. "Alhaji, ashe mun yi rashi ba a sanar da mu ba."

Alhaji Tukur, wanda ba a taɓa jin dariyarsa daga nesa ba, ya durƙusa a bakin titi yana riƙe da ciki.

Nafi'u dai ya koma ga mota yana sosa kai. Ya sa sifana ya kwance wayar da ke kan batirin, ya kai farce ya ɓanɓaro wani ɗan abu baƙi ƙirin. Ya goge shi a wandonsa. Sai ga shi ja wur: 'yar hular roba da ake rufe kan sabon batir da ita don kada wuta ta fita. Ya mayar da wayar, ya matse.

"Baba, murɗa."

Vuuum! Bugu ɗaya. Har rediyo ya kama da kansa.

Nafi'u ya ɗaga 'yar robar. "A kan wannan aka ɗaura waya. Wane makaniken ne ya yi maka aikin nan, Baba? Faɗa mini sunansa in hana mutane zuwa wurinsa."

Malam Jafaru ya dubi sama. Ya dubi ƙasa. Ya dubi mai ƙosai, ita ma shi take kallo.

"Ni ne."

"Baƙin man fa?"

"Ni ne."

"Tokar?"

"Kai, duk ni ne! Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kamar alƙali?"

Nafi'u ya girgiza kai. "Na sha ganin wanda ya wanke tsohon batir ya ce sabo ne. Yau na fara ganin wanda ya sayi sabo ya yi masa furfura."

Titi ya kaure da dariya. Malam Jafaru ya gyara zaman hularsa, ya leƙa cikin bonet ya daɗe yana kallon aikin hannunsa, sannan ya juyo a hankali.

"To, na ji. Amma ku faɗi tsakaninku da Allah: aikin bai yi kyau ba?"