Ranar da Bi Mwatima Ta Leƙa Ƙarƙashin Teku

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba. Miƙo hannu ka hau da ni."

Pandu ya tsaya a bakin jirgi da igiya a hannu yana kallon kakarsa. Bi Mwatima na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ta ɗaure zani tamau, ga dogon wando a ƙarƙashi. Tun tana budurwa take noman ciyawar teku a gaɓar ƙauyensu Matemwe, kullum a sunkuye, amma ba ta taɓa tsoma fuska ta ga abin da ke ƙasa ba. A zamaninsu ba a koya wa mata iyo. Yanzu kuma babban ɗanta, uban Pandu, ya yanke cewa ƙarshen wata za ta koma wajensa Dodoma, inda babu teku. Shi ya sa ta yi sammako ta zo inda jikanta ke aiki, jirgin nan mai ciki biyu da ke kai baƙi tsibiri su kalli kifi su huta a yashi.

"Tsohuwa, kin ɓata hanya. Asibiti can baya yake."

"Wurin mijina na zo. An ce kullum kana riƙe wa matan Turawa hannu a ruwa, ni uwargida ina gida ina shanya ciyawa."

"Ai tun bara na sake ki. Haƙoranki suka ƙare, na ƙara gaba."

"Da wane baki ka yi sakin? Wanda na ɗura wa kunu kana ihu? Miƙo hannu, ɗan kai kamar kwakwa."

Sai ya rage murya ya ce Baba ya kira shi jiya, ya yi rantsuwa cewa in ya bari ta hau jirgi babu shi babu shi. Ga hawan jininta, ga kuma ruwan can ba irin na gona ba ne, ba a taka ƙasa.

Bi Mwatima ta dube shi sama da ƙasa. "Ubanka ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba. Ya ce in bar garina, na ce to. Wannan kuwa ban nemi izinin kowa ba. In ba ka ɗaga ni ba, a nan zan tsaya har ruwa ya cika ya kai min wuya, baƙinka suna ɗaukar hoto."

Matuƙin jirgin, wani dattijo ɗan tsibirin Pemba, ya yi dariya har da tari, ya ce a hau da ita, amma sai ta sa rigar da ke hana nutsewa.

Tunda jirgi ya tashi bakinta bai huta ba. Ta ce wannan ba jirgi ba ne, kwale-kwale biyu ne aka ɗaura wa aure dole suka zauna tare. Da ya kawo mata takalman iyo, ta ce ya kai wa dangin uwarsa agwagi. Ya ce kada ta ji tsoron manyan kifaye, ba sa cin ƙashi da fata. Ta ce shi ma ya kwantar da hankali, ba sa cin abin da ba ya wanka. Baƙin ba sa jin yaren, amma suna ta dariya.

Da aka tsaya a kan duwatsun murjani, baƙi suka yi ta faɗawa ruwa. Pandu ya ɗaura mata gilashi a fuska, ya sa mata bututun numfashi a baki. Ta sauka matakala, ta miƙa ƙafa tana neman ƙasa, ba ta samu ba. Nan ta ƙanƙame ƙarfen matakalar har yatsunta suka yi fari.

Pandu ya gani. Ya matso ya ce mata a hankali, babu zolaya, ta koma ta zauna a inuwa, babu wanda zai sani.

Ta tofar da bututun. "Ni zan sani."

Ta mayar da shi baki, ta saki ƙarfen, ta damƙe hannunsa. Tsomawar farko ta shaƙi ruwan gishiri, ta ɗago tana tari, hawaye na zuba. Ya fara janta wajen matakala, ta mintsine shi a cinya har ya yi ƙara. Ta sake tsoma fuska.

Sai duniya ta yi shiru, ba ta jin komai sai numfashinta. Ga kifaye shuɗɗa da rawaya suna wucewa garke-garke ta ƙarƙashin cikinta, ga wani ƙato mai kore da ja yana gwaguyar dutse, ko kallonta bai yi ba. Duk shekarun nan abin nan yana nan, kusa da gonarta. Ba ta san sanda ta saki hannun Pandu ba.

Matuƙi ya yi ta kiran a tafi, baƙi duk sun hau, ita ta ƙi ɗagowa. Sai da Pandu ya ja ta ta wuyan riga kamar akuya.

A tsibiri ta zauna kan farin yashi, zani na ɗiga, shatin gilashi a goshinta. Ta zuba wa ruwa ido. Pandu ya zo ya tsuguna, ya tambaye ta ko jikinta lafiya.

"Lafiya lau. Na samu miji a can ƙasa. Mai kore da ja, ga ƙiba, ga kunya, ba ya mayar wa manya magana. Kai kam ka nemi wata."

Pandu ya tashi ya nufi inda ake gashi, ya dawo da faranti, shinkafar kwakwa da ƙaton kifi yana tururi. Rabonsa ne. Ya ajiye a gabanta yana dariya.

"Na sallama, tsohuwa, kin fi ƙarfina. Ga angon naki, na sa an gasa miki shi."

Ta matsa lemon tsami, ta gutsura, ta tauna da dasashi a tsanake.

"Kishi ne ya sa ka," ta ce. "Ƙaro barkono."